Wankin ƙoda a gida: a kawo mana shi, amma da sharuɗɗansa

Duk mazaunin zango ya san irin wannan sanarwa. Bayan sallar Juma'a ko bayan Isha'i, ladan ya ɗauki lasifika ya ce akwai ɗan'uwa a kwance, ƙoda ta tsaya, ana neman taimakon kuɗin wanki. A zaga da kwano, a tura lambar momo a zauren WhatsApp, a tara abin da Allah Ya hore. Sati biyu kuɗin ya ƙare, a sake dawowa. Daga Nima da Maamobi har Aboabo da Ashaiman labarin ɗaya ne, kuma sau da yawa mai ciwon ba tsoho ba ne, magidanci ne da ke tsakiyar neman abincin iyali, hawan jini ko ciwon sukari ya cinye masa ƙoda bai sani ba.

Ba mu manta da 2023 ba. A shekarar ne sashen wankin ƙoda na asibitin koyarwa na Korle Bu ya daina karɓar masu zuwa daga gida tun daga watan Mayu har Nuwamba saboda bashi, a cikinta kuma aka liƙa sanarwar ƙara kuɗin wanki ɗaya daga sidi 380 zuwa sidi 765 da 'yan kai, ƙasa ta ɗauki ɗumi har aka janye. Daga 1 ga Disamba 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara biyan kuɗin wanki a cibiyoyin da ta amince da su, a 2025 kuma gwamnatin Shugaba Mahama ta kafa asusun tallafa wa masu manyan cututtuka, ciwon ƙoda na cikinsu. Wannan ci gaba ne, mun kuma gode. Amma kyauta ba ta ƙara yawan na'ura, ba ta kuma rage tazarar hanya. Wani bincike da likitocin ƙoda na ƙasar nan suka wallafa a 2023 ya ƙirga na'urorin wankin jini 299 kacal ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 30, cibiyoyin kuma suna yankuna 9 ne cikin 16. An buɗe wasu tun daga lokacin, amma har yanzu mutumin Salaga ko Bimbilla sai ya hau mota sau biyu ko sau uku kowane mako, ko kuma ya kwashe iyali ya koma birni.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da za a shigar da wankin ƙoda na gida, wanda ake yi ta cikin ciki, cikin abin da inshora da sabon asusun ke biya. Na san amsar da ake bayarwa duk sanda aka ta da maganar: ai talakawa ba za su iya ba, gidajensu babu tsafta, cuta za ta shiga cikinsu ta kashe su. Haɗarin gaskiya ne, zan kuma faɗe shi filla-filla. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da shi hujjar rufe ƙofa. Yawan wannan cuta ya fi rataya ne a kan horo, da ɗakin gwaji, da saurin kai ɗauki, kuma duk ukun abubuwa ne da hukuma da al'umma za su iya samarwa in sun ga dama.

Yadda wankin yake

A cikin kowane mutum akwai wani tantani siriri da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Likita zai yi ƙaramin aiki ya dasa roba mai laushi a ƙasan cibiya, kanta ɗaya a cikin ciki, ɗayan a waje. Ta wannan roba ake zuba ruwa na musamman mai ɗauke da sukari da gishiri, kimanin lita 2, a bar shi awa 4 zuwa 6. A tsawon wannan lokaci dattin jini da ruwan da ya yi wa jiki yawa suna ratsa tantanin su shiga cikin ruwan. Sai a zubar da shi cikin leda, a zuba sabo. Yawanci sau 4 ake yi a yini, kowane canji kimanin rabin awa. Ba ya buƙatar lantarki, don haka ɗauke wuta bai dame shi ba. Tela zai iya komawa kan kekensa, mai shago ya buɗe shagonsa, ɗalibi ya je makaranta.

Bincike ya nuna tsawon ran masu wannan wanki da na masu wankin na'ura kusan ɗaya ne, kuma a shekarun farko ya fi kiyaye ɗan ragowar aikin da ƙodar ke yi. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu wankin ƙoda a duniya da shi suke rayuwa. Hon Kon ta mai da shi zaɓin farko tun 1985, Tailan ta bi sahu a 2008. A Ghana ma ba baƙo ba ne gaba ɗaya, domin an fi shekara goma ana ceton yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya da shi a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Ga manya masu ciwon dindindin ne kusan babu shi.

Inda bango ke tsagewa

Allah Ya halicci cikin mutum a rufe, babu ƙwayar cuta a tsakanin hanji da bangon ciki. Robar nan kuwa ƙofa ce, ana buɗe ta sau 4 a yini, wato kusan sau 1,500 a shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ƙwayar cuta ta shiga, tantanin ya kumbura, shi ne ciwon da likitoci suka fi tsoro a wannan hanya.

Ƙwayoyin suna da hanyoyi sanannu. Wadda ta fi yawa ita ce hannu: a taɓa bakin roba lokacin haɗa ta da leda, ƙwayoyin da ke zaune a fatar kowa su samu shiga. Ta biyu ita ce wurin da robar ta fito daga fata. In ya yi ja ko ya fara ruwa ko mugunya, cutar na iya bin jikin robar ta gangara ciki. Ta uku daga hanji ne, musamman ga mai fama da taurin bayan gida, ko gudawa, ko ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini. Akwai ƙwayar da ke son ruwan da ya daɗe a ajiye, kuma tana da taurin kai ga magani. Akwai kuma ƙwayar funfuna, wadda takan biyo bayan yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ita ce kuma mafi muni.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Ruwan da ya fito daga ciki ya kamata ya zama garau, mai ɗan ruwan ɗorawa, har mutum ya iya karanta rubutu ta cikin ledar. In ya yi gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa, ko ciki ya fara ciwo, ko zazzaɓi da amai suka biyo baya, to ba abin jira ba ne. A asibiti za a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a cikin ruwan. In sun haura 100 a kowace maikurolita, kuma fiye da rabinsu irin masu yaƙar bakteriya ne, an tabbatar. Sannan a shuka ruwan a ɗakin gwaji don a gane wace ƙwaya ce, a zaɓi maganin da zai kashe ta.

Ina abin yake ƙarewa? Mafi yawan lokuta ana warkewa, da maganin da ake zubawa cikin ledar kanta na tsawon mako 2 zuwa 3, wasu ma ba sai an kwantar da su ba. Amma in kwana 5 suka wuce ana ba da maganin da ya dace ruwan bai washe ba, ƙa'ida ita ce a cire robar, mutum ya koma na'ura na ɗan lokaci ko na dindindin. In funfuna ce, cirewa ake yi nan take. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 na kamuwa ne ke kaiwa ga mutuwa, amma da yake ana iya kamuwa fiye da sau ɗaya, ciwon yana da hannu a mutuwar kimanin kashi 16 cikin 100 na waɗanda suka rasu suna kan wannan wanki. Kowane kamu kuma yana barin tabo a tantanin, ya rage masa ƙarfin tacewa. Shi ne kan gaba cikin dalilan da ke sa mutum ya bar wankin gida. Wannan ita ce gaskiyar magana, duk wanda ya ɓoye wa mara lafiya ita ya cuce shi.

Abin da wasu suka riga suka koya

To me ya sa duk da haka nake cewa a kawo? Saboda tarihin wannan wanki gaba ɗaya tarihin rage wannan ciwo ne. Lokacin da Popovich da Moncrief suka fito da tsarin a jihar Texas ta Amurka a 1976, da kwalabe ake yi, marasa lafiya kuma suna kamuwa sau da dama cikin shekara guda. A 1978 likita Oreopoulos a Toronto ta Kanada ya koma amfani da leda, abin ya ragu. Daga nan likitocin Italiya suka kawo dabarar roba mai rassa biyu, inda ake fara wanke bakin robar da sabon ruwa zuwa ledar zubarwa kafin a buɗe hanyar ciki. Gwajin da suka wallafa a 1983 ya nuna tazarar kamuwa ta tashi daga kimanin wata 11 zuwa wata 33. Marasa lafiyar su ne dai, gidajensu su ne dai, kayan aiki da horo kawai aka canza.

A yau ƙungiyar masana wannan wanki ta duniya, ISPD, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce kada cibiya ta wuce kamu 0.40 ga kowane mara lafiya a shekara, wato kamu ɗaya cikin wata 30. Ta ce fiye da mutum 80 cikin 100 su gama shekara ba su kamu ba. Ta kuma ce lokutan da ɗakin gwaji ya kasa gano ƙwayar kada su kai kashi 15 cikin 100. Ga ma'auni nan a fili, kowa zai iya auna kowace cibiya da shi.

Wani zai ce ai waɗannan ƙasashen masu kuɗi ne. To mu duba Sudan, ƙasa mai zafi da ƙura da talauci, inda 'yan'uwanmu Hausawa ke zaune da yawa. Sun buɗe shirin ƙasa na wankin gida a Hartum a 2005. Rahoton shekararsu ta farko bai yi daɗi ba: kamu ɗaya cikin kowane wata 14, kuma fiye da rabin lokutan ɗakin gwaji bai gano ƙwayar ba. Ba su rufe shirin ba, ba su kuma ɓoye alƙaluman ba. Sun bi marasa lafiya har gida suna kallon yadda suke canjin, suka tarar da yawa sun saki wasu matakan da aka koya musu, kuma waɗanda suka fi riƙe darasin su ne suka fi ƙarancin kamuwa. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne horon mako guda a asibiti bai isa ba, sai an riƙa bin mutum ana tuna masa. Sanagal ma tana yin wannan wanki a Dakar tun 2004. Babu abin da ya sa Accra da Kumasi da Tamale za su kasa.

Namu gidajen da namu al'adun

Yanzu bari in juyo gida, domin akwai abin da gwamnati ba za ta yi mana ba. Yawancinmu a gidan haya muke, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, banɗaki na kowa da kowa, ruwa a galan ko a duro. Canji 4 a yini na nufin leda kusan 120 a wata, lita 240, sai an samu busasshen wurin ajiya da rana ba ta dukansa. Amma abin da ake buƙata don canjin kansa ba fada ba ce. Kusurwa ce mai haske, da tebur da za a iya gogewa, da ƙofa da taga da za a iya rufewa na rabin awa, a kashe fanka, musamman da hunturu lokacin da ƙura ke tashi.

Mu mutane ne masu alfahari da tsarki, kuma da gaskiyarmu. Sai dai alwala hadasi take ɗaukewa, ƙwayar cuta kuwa sai sabulu. Wanda ya yi alwala da buta ya shafa jiƙaƙƙen hannu a riga bai shirya taɓa robar ba. Sai ya wanke da sabulu sosai har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya busar da hannun ƙaf da tsumma mai tsafta ko takarda, domin jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar cuta, sannan ya shafa man tsaftace hannu irin wanda muka saba da shi lokacin korona, ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki. Haka zai yi sau 4 kullum, ranar da yake jin ƙarfi da ranar da ya gaji.

Dubiya sunna ce, ba mai hana ta. Amma lokacin canji ba lokacin gaisuwa ba ne. Hajiya, in kin zo kin tarar da ƙofa a rufe, ki zauna a tsakar gida ki jira, ba wulaƙanci ba ne. Malam, a dafa kai a yi addu'a, Allah Yana karɓa, amma kada a yi tofi a kan wurin robar, domin bakin kowane ɗan Adam, komai tsarkinsa, yana ɗauke da ƙwayoyin da in sun shiga ciki sai an yi mako biyu ana fama. Kada a shafa wa wurin man zaitun, ko man habbatus sauda, ko garin magani, ko ruwan rubutu. Man da likita ya bayar kaɗai ake shafawa, kullum bayan an wanke an busar. Mage ma, duk da matsayinta a gidajenmu, ba ta shiga ɗakin canji. An sha samun waɗanda suka kamu saboda mage ta ciji roba ko ta yaƙushe ta. Haka kaji da awaki. In ledar ta yi sanyi kada a tsoma ta cikin ruwan zafi, a tambayi nas yadda ake ɗumama ta a bushe.

Akwai tambayoyin da malamanmu ya kamata su shirya musu tun yanzu, su zauna da likitoci su fahimci abin kafin su ba da amsa. Yaya mai roba zai yi wankan janaba ba tare da ya jiƙa wurin da ruwan duro ba? Fiƙihunmu ya san hukuncin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi, sai a yi wa mutane bayani a sauƙaƙe. Yaya batun azumi, alhali ruwan na ɗauke da sukari kuma tsallake canji na da haɗari? Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma maganar ta fi kyau a gama ta tsakanin likita da malam tun a Sha'aban, kada mutum ya yanke wa kansa hukunci a ɓoye saboda kunyar a gan shi yana cin abinci.

Sai babbar al'adar da ta fi ba ni tsoro, wato gudu zuwa kemis. Ciki ya murɗa, a aiki yaro ya sayo kafso ja da baƙi da maganin kashe zafi, a ce bari mu gani zuwa gobe. Ga mai roba a ciki, wannan goben na iya zama ita ce bambanci tsakanin magani a gida da cire roba. Kafson da aka sha kafin a ɗauki ruwan gwaji yana ɓoye ƙwayar, ɗakin gwaji ya kasa gano ta, likita ya koma lalube cikin duhu. Dokar ɗaya ce: ruwa ya yi gurɓi, a ɗauki ledar yadda take a tafi asibiti a ranar, ko tsakar dare ne, ko ranar Sallah ce. Haka in bakin robar ya taɓa wani abu, ko ta tsage, ko murfinta ya faɗi: a danne ta a kira asibiti, kada a ci gaba. Mai taurin bayan gida ya faɗa wa nas da wuri. Wadda za a yi wa wani aiki a mahaifa, da wanda za a leƙa hanjinsa da na'ura, su sanar cewa suna da roba, don a ba su maganin kariya tukuna.

Abin da muke nema daga hukuma

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In za a kawo wannan wanki a raba ledoji a sallami mutane su je su ji da kansu, to gara a bari. Ga abin da nake ganin dole ya zo tare da shi.

Na farko, ma'aikatan jinya da aka horar don wannan aiki kaɗai, waɗanda za su je su ga ɗakin mutum kafin a dasa masa roba, su koyar da shi da wani na kusa da shi, su kuma riƙa komawa. A yi horon da harshen da mutum ke ji. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ba za ta amfana da takardar Turanci ba. A yi da Hausa, da Dagbanci, da Tuwi, da hotuna, da saƙon murya a waya. Zango na da 'ya'ya mata da maza da suka karanta aikin jinya, a ɗauke su.

Na biyu, lambar waya da ake ɗauka dare da rana, da tabbacin cewa wanda ya zo da gurɓataccen ruwa za a ɗauki gwaji a fara masa magani a ranar, ba tare da an ce ya kawo kuɗi tukuna ba. Na uku, ɗakin gwaji mai kayan shuka ƙwayar cuta a kowace cibiyar da za ta yi shirin, kada mu maimaita wahalar da Sudan ta sha a shekararta ta farko. Na huɗu, ledoji masu rassa biyu da man shafawa su riƙa isowa ba yankewa, a kuma cire musu kuɗin fito a tashar jirgin ruwa ta Tema. Wanda kayansa suka yanke zai fara tsallake canji ko ya sake amfani da murfin da ya riga ya buɗe, daga nan kuma sai ciwo. Na biyar, a ajiye wa kowane mai wankin gida gurbi a kan na'ura, saboda ranar da za a cire masa roba. Na shida, kowace cibiya ta fitar da alƙalumanta duk shekara: mutum nawa, kamu nawa, an cire roba nawa, an rasa rai nawa. Cibiyar da ta wuce ma'aunin 0.40 a je a ga abin da ya lalace a gyara.

Akwai hujjar kuɗi, ita ma ba ƙarya ba ce. A ƙasashen Afirka da dama wankin gida bai fi na na'ura araha ba, saboda ruwan daga waje ake shigo da shi, kana biyan dala kana jigilar ruwa a teku. Maganin wannan shi ne a saya da yawa a lokaci guda da sunan ƙasa, a kuma fara shirin haɗa shi a gida. An daɗe ana haɗa ruwan ƙarin ruwa na asibiti a Koforidua, don haka ƙwarewar ba daga sifili za a fara ta ba, ko da yake wannan ruwan yana da nasa tsauraran ƙa'idojin. A asibitin Mbingo da ke Kamaru likitoci sun haɗa nasu ruwan don masu ciwon farat ɗaya, suka kwatanta da na kamfani, ba su ga ƙarin kamuwa ba. Wancan na 'yan kwanaki ne a gadon asibiti, ba abin da mutum zai kwaikwaya a ɗakinsa ba ne, amma ya nuna ba dole sai ruwan ya tsallako teku ba. A kuma sa cikin lissafi kuɗin motar da iyali ba za su biya ba, da sana'ar da magidanci ba zai bari ba.

Ba kowa ne wannan wanki zai dace da shi ba. Wanda aka yi wa manyan ayyuka a ciki har hanji ya manne, ko mai ƙabar da ba a gyara ba, ko wanda idonsa ya yi rauni kuma ba shi da mai taimaka masa, na'ura ta fi masa. Likita ne zai tantance. Abin da nake ƙi shi ne a tantance mutum da sunan unguwarsa, a dubi katinsa a ga Nima ko Sabon Zango a ce wannan ba zai iya ba, ba tare da an taka an je an ga ɗakinsa ba.

Mu ma akwai namu alkawarin. Kwamitin masallacin da ke iya tara kuɗin wanki duk mako zai iya tara na gyaran ɗaki ɗaya sau ɗaya: siminti ko tayil a ƙasa, raga da murfi a taga, bokiti mai famfo, sabulu da tsumma. Mai gidan haya zai iya yi wa ɗan hayarsa rangwamen wurin ajiye kwalaye. Matasan da ke aikin gayya ranar Asabar za su iya ɗaukar nauyin kawo wa gidan tsaftataccen ruwa. Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 an yi shi ne don irin su ruwa da tsaftar muhalli, sai sarakunan zango da 'yan majalisarmu su matsa a ga aikinsa a inda marasa lafiya suke. Ina kuma roƙon ofishin Babban Limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya haɗa malamai da likitocin ƙoda a zama ɗaya, a fitar da bayani guda kan tsarki da azumi da tofi, limamai su karanta a kan mumbari.

Kafin duk wannan, wanda ya haura shekara 30 ya je a auna masa jini da sukari, mai hawan jini ya riƙe maganinsa, a rage haɗiyar maganin kashe zafi da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Wanda kuma ƙodarsa ta riga ta tsaya, haƙƙinsa ne a shimfiɗa masa hanyoyin biyu, a gaya masa amfanin kowace da haɗarinta da harshen da yake ji, ya zaɓa da iyalinsa. Ma'aikatar lafiya da hukumar inshora su fara da cibiya biyu ko uku, su auna, su fitar da sakamako kowa ya gani, sannan a faɗaɗa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.